Wankin kai da kwandishina: wace kwalba za ki ɗauka, wace za ki bari a kan kanta

Masu gashi mai murɗewa, irin wanda kwana biyu da wanki ya bushe ya fara karyewa a bakin mataji, su suka fi cin moriyar wankin kai da kwandishina maimakon shamfu. Fatar kai tana fitar da nata maiƙon, amma in silin gashi a murɗe yake, maiƙon ba ya iya gangarowa har baki. Sai tushe ya yi maiƙo, baki ya bushe ƙamas, shamfu mai ƙarfi kuma ya zo ya kwashe ɗan abin da ya rage. Lorraine Massey, wata mai gyaran gashi 'yar Ingila da ta yi suna a New York, ita ta yayata wannan hanya a farkon shekarun 2000. Tun daga nan kamfanoni suka cika kantuna da kwalabe iri-iri, kowace tana cewa ita ce magani.

Ni dai in aka bar ni da zaɓina, kwandishinan nan na yau da kullum nake ɗauka, wanda ake shafawa a ɗauraye, mara kauri sosai, babbar kwalba, muddin babu silikon, sinadarin nan mai lulluɓe gashi ya sa shi sheƙi, a cikinsa. Mutane kan yi mamakin yadda abin da ba ya kumfa zai fitar da datti. To ai kumfa ba ita ke wanki ba. A cikin kwandishina akwai sinadarai masu ɗan ƙarfin wanki, irin su cetrimonium chloride da behentrimonium methosulfate, waɗanda ke manne wa silin gashi su kwantar da shi, su kuma sassauta ƙura da gumi da ɗan maiƙo. Sauran aikin na yatsu ne. Ki jiƙa kan sharkaf, ki raba gashin gida huɗu, ki cika tafin hannu ki bi tsaga-tsaga kina murza fatar kai da tsokar yatsu, ba da farce ba, kamar minti huɗu ko biyar. Da kin sakar masa ruwa za ki ga ruwan farko ya sauko a gurɓace, fari-fari mai ɗan duhu. Kada ki tsaya sai ya koma garau, kuma santsin nan ya bar fatar kai. Mafi yawan masu cewa hanyar ba ta karɓe su ba, a wurin ɗauraya suka gaza.

Wannan ne ya sa nake son babbar kwalba mai sauƙin kuɗi. Wanki ɗaya yana cin ninki biyu ko uku na abin da za ki shafa bayan shamfu. Wadda ta sayi 'yar ƙaramar kwalba mai tsada sai ta riƙa tsimi, ta ɗiga kaɗan, kai bai fita ba, ta ɗora wa hanyar laifi.

Kada ki ɓata lokaci a gaban kwalba, juya bayanta. Ana jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka biyar ɗin farko su ne ainihin abin da kike saya. In kin ga ruwa a farko, sai cetyl alcohol ko cetearyl alcohol, madalla. Waɗannan masu laushi ne, ba sa busar da gashi. Abin gudu shi ne silikon, wato sunayen da suka ƙare da cone ko conol ko xane, kamar dimethicone da dimethiconol da cyclopentasiloxane. Haka nan mineral oil da petrolatum. Ba guba ba ne, suna ma sa gashi sheƙi, amma kwandishina ba ya iya wanke irin su dimethicone da petrolatum. Kowane wanki sai wani ya hau kan wani, har gashin ya yi nauyi, ya yi danƙo, ruwa ya daina shigarsa. Man kwakwa ko na argan da aka zana ƙato a gaban kwalba, sau da yawa can ƙasan jeri za ki same shi, kusa da turare.

Akwai kuma wanda aka haɗa musamman domin wanki, aka rubuta co-wash ko cleansing conditioner a jikinsa. Galibi kwandishina ne aka ƙara masa ɗan sinadarin wanki mai sauƙi, misali cocamidopropyl betaine, aka ƙara masa kuɗi. Yana da amfani ga mai yawan gumi ko mai shafa jel kullum. Amma sunan kaɗai ba shaida ba ne. A 2016 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta sanar cewa tana binciken kayan WEN, waɗanda irin wannan cleansing conditioner ɗin ne, bayan ta gano ƙorafi fiye da 21,000 da aka kai wa kamfanonin da ke yin su da tallata su, kan zubewar gashi da ƙaiƙayi. Ƙarar da masu saye suka shigar ta ƙare da sulhu na sama da dala miliyan 26, ba tare da kamfanonin sun amsa laifi ba.

Shamfu mara sulfate, ki ajiye ƙarama ɗaya a gefe, ki wanke da ita duk bayan mako biyu ko uku don ta kwashe abin da ya taru. Mai sulfate, wato mai sodium lauryl sulfate ko sodium laureth sulfate, sau ɗaya kike bukatarsa, ranar da za ki fara, ya cire tsohon silikon. Wanda aka rubuta 2-in-1 galibi shamfu ne kawai da silikon, ki wuce. Kwandishina mai kaurin nan na cikin gwangwani da ake barin sa ya jima a kai, ba na wanki ba ne. Hodar baking soda da wasu ke wanke kai da ita kuwa, pH ɗinta, wato ma'aunin tsami da kanwa-kanwa, ya haura 8 alhali na fatar kai wajen 5.5 ne, ban ga dalilin azabtar da kai ba.

Mai amosani kada ta yaudari kanta. Ƙwayar Malassezia da ke haddasa shi da maiƙon kai take rayuwa, kwandishina ba ya taɓa ta, sai shamfu mai ketoconazole ko selenium sulfide. Mai gashi siriri santala da ke saurin maiƙo ita ma za ta ga ya kwanta lakaf.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, jabu. Duk karatun bayan kwalba da kika yi ya tashi a banza in abin da ke ciki ba shi aka rubuta ba. Na taɓa sayen babbar kwalba mai sanannen suna a hannun wata mai sayarwa ta intanet. Hoto tsaf, murfi tsaf. Da na matsa sai wani ruwa-ruwa ya fara fitowa kafin farin ya biyo, ƙamshin turare har yana hawa kai. Ba a jima ba goshina da bayan kunnena suka feso da ƙuraje, ƙaiƙayi ya hana ni barci, mai kayan kuma ta daina amsa saƙo. Tun daga lokacin, kafin in duba silikon sai na duba ko kwalbar ta gaskiya ce.

Jabun kwandishina ya fi jabun shamfu haɗari ga mai wannan hanya, domin shamfu minti ɗaya ne an ɗauraye, shi kuwa murza shi kike yi a fatar kai na tsawon mintuna, da yawa, a kai a kai. Dabarar da suka fi yi ita ce tara kwalaben gaske da aka zubar, a sake cika su da wani haɗi, ko a tsarma na gasken da ruwa a raba shi gida biyu. Tsarmawar nan ba ƙaramin abu ba ce: sinadarin da ke hana kayan lalacewa an auna shi ne daidai da haɗin, da an ƙara ruwa sai ya yi rauni, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

Ki kwance murfin ki duba wuyan kwalba. In akwai busasshen saura a cikin zaren murfi, ko ledar hatimi ta yi kwance-kwance da alamar gam, an taɓa buɗe ta. Ki duba ƙasa ko kafaɗar kwalba, akwai lambar rukunin da aka yi ta a ciki, bugun inji. In babu, ko an kankare, ko an liƙa wata takarda a kai, ajiye musu kayansu. Ki karanta rubutun da kyau, masu jabu kan yi kuskuren harafi a dogayen sunayen sinadarai, launin tambarin kuma yakan ɗan kauce. Da yawa daga cikin na gaske suna da ɗan hoton gwangwani a buɗe da 12M ko 24M, wato watannin da zai yi bayan buɗewa. Zanen layukan nan da ake haskawa a wurin biya kuwa kada ya ruɗe ki, kwafarsa ba wuya.

In ta intanet ne, hoton da aka ɗora yawanci na kamfani ne aka kwaso. Ki ce a ɗauko miki hoton kwalbar da za a aiko, baya da ƙasa, a hannun mai sayarwa. Wadda ta fara kame-kame, kin samu amsa. Wanda ake ɗurawa a roba mara suna a ce daga babban galan aka zuba, ko kyauta aka ba ki kada ki sa a kanki. Arahar da ta wuce hankali ita ma ki yi mata tambaya; sanannen kaya ba ya faɗuwa rabin kuɗinsa haka kawai.

Ko kin gamsu da kwalbar, ki shafa kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ki jira kwana biyu kafin ki zuba a kai gaba ɗaya, saboda na gasken ma wani turarensa ko methylisothiazolinone, sinadarin hana lalacewa da ke ciki, yana tayar wa wasu da fata. In kwalba ta ƙare kuma, ki sa wuƙa ki tsaga ta kafin ki jefar, kada wani ya tsinta ya sake cikawa.