Wata uku a sashen yara da matasa

Cikin duk sassan da na zaga a horon ƙwarewa kan lafiyar ƙwaƙwalwa, babu inda na ƙaru kamar wata ukun da na yi a sashen yara da matasa. Na shiga ne ina ganin ai yaro ƙaramin babba ne, rage masa magani kawai za ka yi. Ranar farko babbar likitarmu ta cire mini wannan tunani. Ta ce, "Likita, bar kujerar nan, sauko tabarma." Ta miƙa mini farar takarda da fensira masu launi.

Yaron da ba zan manta ba ɗan shekara 8 ne. Mahaifiyarsa ta ce an kai shi ruƙiyya har sau uku, malamin ajinsu kuma kullum sai ya dake shi, wai taurin kai ne da shi, ana magana yana kallon bango. Muna cikin zane sai fensirin ya tsaya a hannunsa, idanunsa suka ƙafe, ƙiftawa kaɗan, bai fi daƙiƙa 10 ba ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Babbar likita ta sa ya riƙa hura takarda da ƙarfi, abin ya sake dawowa a gabanmu. Gwajin EEG, mai auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, ya tabbatar: wata irin farfaɗiya ce da ba ta kayar da mutum. Aka ɗora shi kan sodium valproate. Da uwar ta dawo bayan wata guda, cewa ta yi, "Likita, ashe duk dukan nan a banza ya sha." Wallahi sai da na kau da kai.

A nan na koyi ganin matashi shi kaɗai kafin iyaye su shigo, musamman masu shan tramadol da kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da ruwan maganin tari mai ɗauke da shi tun 2018 amma har yau yana yawo. Na koyi tambayar fitsarin kwance ba tare da na kunyata yaro gaban ƙannensa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarancin hannu. Ƙwararriyar likita ɗaya ce tak, asibitin yara kwana biyu a mako, babu mai koyar da magana ga yaran da bakinsu bai buɗe ba. Maganin rashin natsuwa, methylphenidate, sai iyaye su zaga gari ba su samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14, to ina wata uku zai kai ka?

Wanda zagayensa ya zo, kada ya ɗauki hutun shekara a cikinsa. Ni dai na fara haɗa takarduna don neman digiri na biyu a cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa ta Jami'ar Ibadan.