Kafin ka sayi na'urar gwajin suga, fara tambayar tsinkenta

Na shiga gidaje da dama a ƙauyukanmu na wajen Ringim da Gaya inda na tarar da na'urar gwajin suga sabuwa fil, an adana ta a akwati. Dalili ɗaya ne: tsinken da aka haɗo ta da shi, wato ɗan siririn abin da ake sakawa cikin na'urar a ɗiga masa jini, ya ƙare, kuma babu irinsa a kemis ɗin garin. Abin yana min ciwo, domin kuɗin gero ko na akuya aka zuba.

Kowace na'ura da nata tsinken. Na Accu-Chek ba ya aiki a Fine Test, na Fine Test ba ya aiki a On Call Plus. Na'ura sau ɗaya za ka saye ta, tsinke kuwa kullum ne, gwangwani mai guda 50 ba ya kai wata biyu ga mai gwaji kowace safiya. Saboda haka leƙa kemis mafi kusa da kai tukuna, ka ga wanne ne ba ya yankewa.

Accu-Chek Active ta yi suna, amma tsinkenta ya fi tsada. Fine Test da On Call Plus sun fi sauƙi a aljihu. Sai dai On Call Plus tana zuwa da ɗan maɓallin lamba da ake sauyawa da kowane sabon gwangwani, kuma dattijo yakan manta. Idan Baba ko Inna za ka saya wa, ni dai zan zaɓi wadda ba ta buƙatar wannan, mai manyan lambobi.

Duba ma'aunin da take nunawa. Wata mg/dL ce, wata mmol/L. 7 a mmol/L daidai yake da 126 a mg/dL. Nemi irin wanda asibitinka ke rubutawa a kati. Ƙasa da 70 mg/dL suga ya faɗi, a sha abu mai zaƙi nan take.

Sai zafi. Yawancin tsinke ba a so ya wuce digiri 30, ɗakin kwano kuwa a watan Afrilu ya fi haka nesa. Kada ka sayi wanda aka shanya a rana ran kasuwa, komai arharsa. A gida ajiye shi a ɗakin ƙasa mai sanyi, murfi a rufe gam. Kada ka sa shi gindin randa kamar yadda ake yi wa insulin, maganin allura na masu ciwon suga, danshi na lalata shi.

Duba ranar ƙarewar aikin tsinken, ka haɗa da batir na ajiya. Ranar da za ka koma ganin likita tafi da na'urar, a gwada ta tare da ta asibiti.