Kyamarar Tsaro a Ofis: Mai Waya ko Marar Waya?

Masu ofisoshi a titin Ahmadu Bello sun sha tambayata wacce za su saka. Marar waya ba ta da wahalar kafawa: a ɗaure ta, a haɗa da Wi-Fi, shi ke nan. Sai dai bango mai kauri yana rage mata sabis, ga cajin batiri da ake mantawa.

Mai waya tana cin kuɗin ma'aikaci da huda bango, amma waya guda ke kai mata wuta ta ɗauko hoto har mita 100, ba yankewa. A dai haɗa ta da inbata saboda ɗauke wuta.

Ɗan haya mai ɗaki biyu, marar waya ta ishe shi. Mai gininsa, musamman inda ake ajiye kuɗi, gara ya ja waya.