Gyaran da aka yi wa wayata ta wajen Ƙofar Ƙaura: aiki ya yi kyau, amma ya ja min abin da har yau ban gama wankewa ba

Atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa daga gida, a nan Sabuwar Unguwa, kuma kusan duk cinikina a waya yake. Duk wadda take wannan sana'ar ta san yadda galari yake komawa: hoton kaya, rasitin da kwastoma ta turo, hoton yara, wa'azin da aka watso a guruf, bidiyon biki, duk a kwando ɗaya. Tun 2021 ban taɓa zama na ware komai ba, sai dai idan waya ta ce ta cika in goge bidiyo biyu uku in ci gaba. Abin da ya kai ni maƙura shi ne wata baiwar Allah daga Daura da ta dage ta biya kuɗin turmi 4 tun farkon azumi, ni kuwa littafina 2 ya nuna. Daga bayan tarawihi har kusan sahur ina jan hotuna da yatsa. Sunan da WhatsApp yake sa wa hoto duk kama ɗaya ne, IMG, sai kwanan wata, sai WA da wata lamba, to ta ina zan bambance rasitin Daura da na Funtuwa? Na haƙura na aika mata kayan, don ba zan so haƙƙin wani ya hau kaina a watan azumi ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Bayan Salla ƙanena ya raka ni shagon wani yaro ta wajen Ƙofar Ƙaura, irin masu buga takardu da cike wa ɗalibai fom. Gaskiya ranar farko ya burge ni ƙwarai. Bai fizge wayar ya hau danne-danne ba. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya juyo min da allon, sannan ya tambaye ni: "Anti, idan kwastoma ta kira ki, me kike fara tunawa, sunanta ko watan da ta sayi kayan?" Na ce wata, don mu da Salla da lokacin biki muke lissafi. A kan wannan amsar ya gina komai. Sai ya danna Ctrl da Shift da N tare, sabuwar folda ta fito, ya sa mata suna, ya sake dannawa. Babba ɗaya ya kira ta Kasuwa, a cikinta akwai Atamfa, Leshi, Mayafai, Rasitai da Masu bashi. A cikin Rasitai kowane wata da gidansa, kuma da lamba ya rubuta su, shekara a gaba, kamar 2024-03 da 2024-04. Na ce me ya hana ya rubuta Maris da Afrilu yadda zan fi ganewa? Ya nuna min cewa na'ura da harafin farko take jera suna, don haka Afrilu da Agusta za su haye saman Janairu, lissafi ya cakuɗe. Ya kuma ce kwamfutar ba ta karɓar karkataccen layin nan da muke raba rana da wata da shi a sunan folda, shi ya sa ya sa ɗan gajeren layi.

Muna cikin kwashe rasitan watan Maris sai ga na matar Daura, har guda biyu. Ashe gaskiya ta faɗa: turmi 2 ta lambarta, sauran 2 ta lambar maigidanta, ni ce ban rubuta na biyun ba. A nan shagon na yi hamdala da ban yi musu da ita ba. Wannan kaɗai ya sa na ga kuɗin da yaron ya karɓa bai kai aikin ba, har na ƙara masa na abinci.

Daga nan ya ɗora min komai a Google Drive, don ko waya ta faɗa ruwa ko an sace kada in tashi a tutar babu. Ya yi min bayanin cewa giga 15 ne kyauta, kuma da Gmail da Google Photos ake raba su, saboda haka bidiyon biki a filashi ya zuba min su. Ya koya min danna alamar tarawa in buɗe sabuwar folda da kaina, ya ce abin da na goge bisa kuskure yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi. A ƙarshe ya ciro min linki ya ce in riƙa sa wa a sitatus, kwastoma ta shiga ta zaɓi kaya da kanta, ba sai na tura hoto 40 ga kowa ba. Na sa a sitatus, na tura a guruf biyu, na yi ta yaba shi a wajen ƙawayena.

Kwana 9 aka yi. Da yamma bayan la'asar wata dattijuwa da nake girmamawa kamar uwa ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya amsawa ba. "Ke ɗiyar nan, abin da za ki saka min da shi ke nan? Bashin da na ci a wajenki a asirce shi kika baza wa duniya?" Wallahi sai da ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Kayan lefen ɗanta ta ɗauka a wajena a kan za ta riƙa biya a hankali, kuma daga dangin amaryar maganar ta dawo mata, da adadin kuɗin da ranar da ta karɓa, babu kuskure ko na sisi. Na karɓi wayar maƙwabciyata na danna linkin nan, sai ga Masu bashi zaune kusa da Leshi, kowa yana iya buɗewa. Hotunan shafukan littafina ne ɗaya bayan ɗaya, sunan kowace mata da abin da ake bin ta. A garin nan da kowa ya san gidan kowa!

Abin da ya faru shi ne linkin babbar foldar ya ba ni, wato Kasuwa, ya kuma saita ta a kan duk mai linki ya gani. A tsarin Drive idan ka buɗe wa mutane folda, duk abin da ke cikinta ya buɗu, har 'ya'yanta da jikokinta. Wannan mai shagon kwamfuta ya fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Da hannunsa ya rubuta Masu bashi, da idonsa ya ga shafukan. Da na koma washegari ko minti 3 gyaran bai ɗauka ba: ya janye foldar bashi da ta rasitai zuwa waje, ya rufe tsohon linkin, ya yi sabuwar folda ta hoton kaya zalla. Sannan ya ce min, "Ai Anti ba ki ce min sirri ba ne." Wannan maganar ta fi kuskuren yi min ciwo. Bashin mutane har sai an ce maka sirri ne? Sai da ƙanena ya yi masa magana sannan ya ba da haƙuri, shi ma sama-sama. Na tambaye shi ko zan iya sanin su wa suka buɗe, ya ce a'a, kuma duk wadda ta riga ta sauke hoton ko ta ɗauki hoton allo babu yadda za a karɓo shi.

Ina tsaye a nan kuma na hango wata folda da sunana a fuskar kwamfutarsa. Kwafin duk abin da ke wayata ne, har hotunan da na ɗauka a ɗaki ba mayafi, kwana 10 suna zaune a na'urar da ɗalibai ke hawa suna sauka. Sai da na sa ya goge a gabana, ya kuma zubar da kwandon sharar. Kalmar sirrin da ya sa na rubuta masa a takarda ranar farko, ita ma a daren na canza ta.

Tsarin da ya yi min har yau da shi nake aiki, ba zan ɓoye ba. Kowane farkon wata nakan buɗe sabuwar folda, rasiti yana shigowa in tura shi gidansa, kuma tun lokacin ban sake musu da kowa a kan kuɗi ba. Maƙwabciyata mai turaren wuta ta tambaye ni ko ta kai tata wayar, na ce ta je idan tana so, amma ta zauna kusa da shi, kada littafin bashi ya kwana ɗaki ɗaya da hoton kaya, kuma kafin ta sa linki a sitatus ta gwada shi a wayar wani. Ni dai ƙafata ba za ta sake taka shagon ba.

Mata 6 na bi gida-gida na ba su haƙuri. Biyar sun ce ya wuce. Hajiyar nan kuwa sau biyu ina zuwa ana ce min tana barci. Makon da ya wuce ta aiko jikarta da cikon kuɗin lefen a ƙulle cikin leda, yarinyar ta miƙo min daga bakin zaure ta juya, ko saƙon gaisuwa ba a ba ta ba.