Shatar bas zuwa Mambila: direba ya fita kunyarmu, kamfani kuwa sai a hankali

A dogon hutun nan muka yi shatar bas daga Gombe zuwa Gembu, gida biyu: ni da maigida da yara da surukata Hajiya, sai ƙawata ta tun makaranta da mijinta da nasu yaran. Kuɗin ba sai na faɗa ba, kowa ya san yadda shata ta koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mun biya ba mu yi ciniki mai yawa ba saboda alkawuran da manajan ya yi mana a ofis: an yi wa motar sabis, esi na aiki, na'urar kiɗa na aiki, kuma za a ba mu direban da ya san hanyar Mambila. Na ƙarshen nan kam sun cika shi, har ma ya wuce yadda na zata.

Ba mu kai Kaltungo ba muka gane na'urar kiɗan a mace take. Yara sun yi mako suna tara waƙoƙi a waya, kowa da nasa zaɓin, har da rigimar ta wa za a fara sakawa, sai ga shi ko ƙara ba ta fita. Ban ɗauki abin da zafi ba a lokacin, don ƙawata ta zo da 'yar sifikarta, da ita aka yi ta lallaɓawa har Numan, har Jalingo inda muka kwana. Da magariba na ga direban ya fita a ƙafa, ya ce wa maigida zai leƙa wurin masu kayan gyaran mota ya dawo. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana, yara tun a hanya suka laƙaba masa Baba Direba.

Washegari muka bi ta Sunkani da Garba Chede da Bali. A Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, ya tsaya ya ce mu haɗa azahar da la'asar, kowa ya ci abinci, sannan ya sa yaron motarsa ya cika jarkoki biyu da ruwa. Maigida ya ce ai muna da ruwan sha katan-katan. Ya ce, "Alhaji, wannan na mota ne. Dutsen nan ba a hawansa hannu rabbana."

Daga Mayo Selbe hawan yake farawa. Wanda bai taɓa bin hanyar ba, duk yadda aka ba shi labari ba zai gane ba: kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun wanda ba ka ganin ƙarshensa. Kunnuwa suka fara toshewa, yara na ta haɗiyar miyau suna dariya. Ga shi watan Agusta ne, ruwa ya sauko, hazo ya rufe gabanmu har fitilar motar da ke tahowa sai ta matso kake ganinta. Muna cikin haka muka ji wani abu ya yi fat a ƙarƙashin kujerar gaba, sai ƙauri, sai zafi ya fara tasowa ta ƙafafun maigida.

Abin da direban nan ya yi a 'yan mintocin da suka biyo baya shi ne dalilin rubutun nan. Bai taka birki a tsakiyar kwanar ba. Ya lallaɓa motar a hankali har ta fita daga kwanar zuwa wani ɗan fili a jikin dutse, kuma kafin ta gama tsayawa yaron motar ya riga ya dira da weji a hannu ya cusa a bayan taya, ya ƙara da duwatsu. Ya kashe inji, ya bar ta a giya, ya juyo ya ce da mu, "Hajiya, a yi haƙuri, fanbel ne ya tsinke. Kowa ya zauna inda yake, kada a buɗe ƙofar ɓangaren rami." Muryarsa ko rawa ba ta yi. Sannan ya tura yaron ya karyo ganye ya jera a kan titi, sama da ƙasa, nesa da mu, don masu tahowa su san akwai mota a tsaye.

Irin bas ɗin nan injinta a ƙarƙashin kujerar gaba yake, don haka maigida ya sauka aka ɗaga kujerar, zafi ya cika motar, gilasai suka yi gumi. Mijin ƙawata ya miƙa hannu zai taɓa murfin lagireto, direban ya riƙe masa hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka buɗe shi yanzu tafasasshen ruwa zai wanke maka fuska. Sai ya huce." Daga nan ya sunkuya ƙarƙashin kujerarsa ya jawo wata baƙar leda. Sabon fanbel ne a ciki, da takardarsa ba a ko cire ba. Wallahi da na gan shi sai da hawaye suka zo mini, don a wurin nan babu sabis a waya ko ɗigo, babu gari kusa, rana kuma ta yi sanyi.

Jiran injin ya huce ne ya fi komai tsawo. Autar ƙawata ta fara kuka, nawa ƙaramin ya kama, cajin sifika ya ƙare tun a Serti. Sai Hajiya, wadda tun da na shigo gidansu ban taɓa jin ta ɗaga murya da waƙa ba, ta fara tafa hannu a hankali ta ɗauko waƙar gaɗa ta zamanin 'yanmatancinsu. Ƙawata ta san amshin, ta karɓa, ni ma na bi. Kafin a jima yara sun koyi amshi, masu kuka sun yi shiru suna kallon bakin kakarsu. Yaron motar ya dawo jiƙe sharkaf, aka juye jarka ɗaya a lagireto, ya ɗauki wofin ya kafa a cinya ya shiga kiɗa da yatsu. Hajiya ta ce masa, "Ɗan nan, sassauta, ba kalangu ba ne," ya sassauta, kiɗan ya zauna daidai da tafin. A can gaba kuma direba na kwance rabin jikinsa a kan inji, mijin ƙawata na haska masa da fitilar waya, yana ɗaure noti. Na ga bayan hannunsa ya taɓa ƙarfe mai zafi ya tashi, ya girgiza shi kawai ya ci gaba. Wani mai babur ya tsaya ya yi mana sannu da Fulatanci, direban ya amsa masa da Fulatanci, suka yi 'yar magana, mutumin ya ce gaba babu zaftarewar ƙasa, hanya a buɗe take. Bayan magariba muka shiga Maisamari, gari na farko a saman dutsen, muka wuce Nguroje, muka isa Gembu da dare.

Da a daren nan na rubuta sharhin nan, yabo zalla za ku karanta. Har na ce wa ƙawata kamfanin da ke saka fanbel na ko-ta-kwana a mota ya san aikinsa.

Da safe ne maigida ya zauna shan shayi da direban ya tambaye shi yadda aka yi ya san zai tsinke. Da farko ya ƙi faɗa, sai da aka matsa masa. Ashe tun tafiyar da ya yi kafin tamu ya ga fanbel ɗin ya tsattsage, ya faɗa a ofis, aka ce masa zai kai. Ya sake faɗa ranar da za mu taso, aka ce in ba zai tafi ba akwai wani direban. Fitar da ya yi a Jalingo, da kuɗin abincinsa ya je ya sayo. Tun da na ji wannan raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake rubutu bai gama hucewa ba. Mutum ya kalli idona a ofis ya ce an yi wa mota sabis, alhali ya san da tsohuwa da ƙananan yara za a hau dutsen da in inji ya mutu a kwana sai dai addu'a. Da wani direban aka ba mu fa, wanda ba zai taɓa aljihunsa ba?

Daga nan duk abubuwan da na yi ta kawar da kai a kansu suka dawo mini. Esin da aka ce yana aiki, iska kawai yake hurawa, tsakanin Numan da Jalingo sai da muka sauke gilasai. Waifar ɓangaren fasinja ba ta share ruwa, shafa shi take yi. Na sa maigida ya duba safaya, ya dawo ya ce tayar ta suɗe kamar tafin hannu. Kujerun baya babu bel ko ɗaya. Na'urar kiɗan ma da na ce ba komai, yanzu na gane ba mantuwa ba ce, hali ne: a faɗa maka abin da kake son ji a karɓi kuɗi.

Ba zan bari haushinsu ya ci Mambila ba, don wurin ya biya mu wahalarmu. Tsaunin ya kai wajen mita 1,600 daga teku, sanyinsa kuwa yaran da suka tashi a Gombe ba su taɓa saka rigar sanyi a Agusta ba sai a can. Tuddai ne kore shar iya ganinka, shanu a warwatse a kansu, bishiyoyin turare a jere a bakin gidaje. Fiya da ayaba kamar a ba ka kyauta, man shanu da kindirmo kuwa Hajiya ta ce rabonta da irinsu tun tana yarinya. Direban ya kai mu Kakara muka ga gonakin ganyen shayi, layi-layi a jikin tudu an aske su daidai, yara suka yi mamaki wai shayin da suke sha ganyen wani ɗan gajeren itace ne. Babban ɗana ya nace sai an kai shi Chappal Waddi, don an koya musu a makaranta shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Baba Direba ya zaunar da shi ya ce wannan tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, da jagora, ba ta bas ba ce kuma ba ta damina ba, ya bari ya ƙara girma. Shi ne kuma ya ba su labarin dalilin da ya sa ake kiran ƙaramar hukumar da Gembu take ciki da sunan Sardauna: yankin a da yana cikin Kamaru ta hannun Ingila, sai a ƙuri'ar 1961 ya zaɓi shiga Najeriya, aka sa wa lardin sunan sarautar Ahmadu Bello. Da daddare mukan kewaye gawayi a tsakar masauki, mijin ƙawata ya ɗauko jitarsa, amma yara ba su da zance sai kaka ta sake yin ta cikin mota. Ba aikin direba ba ne zama da mu, mu muka riƙa kiransa, yakan zauna daga gefe da kofin shayinsa.

Ranar komawa mun shirya tashi da azahar, sai hadari ya haɗu. Ya dubi sama, ya dubi tayoyinsa, ya ce wa maigida shi dai shawararsa a bari sai da safe, gangara cikin ruwa da irin tayoyin nan bai kwanta masa ba. Ba wanda ya yi musu. Da safe ya sauko da mu a ƙaramar giya, inji na kuka, ƙafarsa ba ta zama a kan birki. Ya bayyana wa mijin ƙawata cewa birki in ya yi zafi ɗaukewa yake yi, shi ya sa ake barin inji ya riƙe mota. A tsakiyar gangaren ya tsaya ya zagaya yana kai hannu kusa da kowace taya yana jin zafinta, sannan muka ci gaba. Wata mota ta wuce mu a guje tana hon, can ƙasa muka same ta a gefe, ƙaurin birkinta har cikin tamu motar.

Wannan kwanan da muka ƙara shi ne kamfanin ya kira yana nema mu biya, cikakken kuɗin yini. Maigida ya ce a fara maganar fanbel tukuna. Manajan ya ce wannan tsakaninsu ne da direbansu, ba ruwan fasinja. Na karɓi wayar na ce masa, "Malam, da ruwanmu, don 'ya'yanmu ne a cikin motar. Kuma kwanan da aka ƙara, tayoyinku ne suka jawo shi." Ya kashe waya. Kuɗin fanbel mun mayar wa direban tun a Gembu, da ƙyar ya karɓa, sai da Hajiya ta sa baki ta ce, "Karɓi, ɗana, ba biyanka muka yi ba."

Abin da ke damuna yanzu shi ne kada su cire kuɗin kwanan nan daga albashinsa, ko su ƙullace shi don ya faɗa mana gaskiya. Saboda haka maigida da mijin ƙawata suka je ofishin da kansu, suka kai takarda a rubuce cewa mu muka yanke shawarar ƙara kwana, suka lissafa fanbel da safaya da waifa da esi ɗaya bayan ɗaya, suka ce a shirye muke mu zauna a yi lissafi in an gyara motar kafin a sake ba wa wani ita. Yarinyar da ke kan tebur ta karɓa ta ce manaja zai kira. Har yau bai kira ba.