Tausar ƙoƙon kai ta kiraniyosakiral: hutu ne mai kyau, amma kada a saye ta a matsayin magani

A gidajen tausa da ɗakunan gashin ƙashi masu zaman kansu a Amurka, Ingila, Jamus da Suwizalan ana sayar da wata hidima mai suna kiraniyosakiral, wadda aikinta ya tsaya a kan ƙoƙon kai, ƙashin baya da ƙashin tsatso. Ba a tuɓe kaya, ba a shafa mai, ba a murza tsoka, ba a karya wuya har ya yi ƙara. Mutum ya kwanta rigingine na minti 45 zuwa 60, mai aikin ya riƙa ɗora masa hannu a hankali daga wuri zuwa wuri. In hutu ake nema, hidimar tana biyan buƙata. Bayanin da ake haɗa ta da shi ne ba ya tsayuwa da ƙafarsa, kuma a nan masu saye ke asarar kuɗi, wani lokacin har da lafiya.

Tushenta a Amurka yake. William Sutherland, ɗalibin makarantar ostiyofati (jinya ta hanyar gyara ƙashi da gaɓoɓi da hannu) da Andrew Still ya kafa a garin Kirksville na jihar Misuri, shi ne ya fara cewa ƙasusuwan kai suna ɗan motsi a mahaɗarsu, ya kuma wallafa ra'ayinsa a 1939. Wanda ya fitar da abin kasuwa shi ne John Upledger, wanda ya yi bincike a Jami'ar Jihar Mishigan daga 1975 zuwa 1983, sannan ya buɗe cibiyarsa a Fulorida a 1985 ya fara koyar da masu tausa da sauran waɗanda ba likitoci ba. Akwai kuma reshen da ake kira bayodainamik, wanda Franklyn Sills ya yaɗa daga Ingila. Masu bin wannan reshen hannunsu ya fi zama wuri guda, kusan babu jan komai.

A tsarin Upledger matakai goma ake bi. Mai aikin yakan fara daga ƙafa, ya tallabi dugadugai biyu a tafin hannunsa ya yi shiru na minti ɗaya ko biyu, abin da suke kira sauraro. Daga nan ya hau zuwa cinya da ƙugu. Sai ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin tsatso, ɗayan a kan mara, ya jira. Haka zai yi a ƙasan haƙarƙari, da saman ƙirji inda ƙasusuwan wuya suka haɗu, da maƙogwaro. Rabin lokacin na ƙarshe a kai ake ƙarar da shi: yatsu a goshi ana ɗan ɗagawa sama, yatsu a gefen kai, manyan yatsu a gefen ido, sai a kama kunnuwa a ja su waje da baya kaɗan, a ƙare da muƙamuƙi. Wasu sukan sa safar hannu su taɓa ganɗa ta cikin baki, kuma wannan sai an nemi izini tukuna.

Riƙon da ya fi kowanne daɗi, wanda kusan shi ne ke mayar da mutane karo na biyu, na ƙeya ne. Mai aikin ya zauna ta wajen kai, ya lanƙwasa yatsunsa sama, ya sa su daidai inda ƙoƙon kai ya ƙare wuya ya fara, ya bar nauyin kan ya sauka a kansu. Da farko kan yana tsaye a saman yatsu, ba ya taɓa tafin hannu. Bayan minti uku zuwa biyar ƙananan tsokokin wurin sukan saki, sai a ga haɓa ta ɗan sauko, ƙeya ta nutse cikin tafin hannu, numfashi ya yi tsawo, sau da yawa ciki ya fara ƙugi. Mai wuni a gaban kwamfuta ko a bayan sitiyari zai ji bambancin nan take. Akwai wani riƙon ƙeya da ake kira CV4, inda ake haɗa tudun manyan yatsu biyu a ƙarƙashin ƙeya a riƙe. Mutane da yawa a nan barci ke ɗauke su.

Ƙa'idar nauyin hannu giram 5 ce, wato nauyin fallen takardar A4 guda. Wannan ma'auni ne mai amfani ga mai saye. Ban da riƙon ƙeya, inda nauyin kanka ne ke yin aikin, bai kamata ka ji ana danna ka ba. In an fara matse kai, ko murɗa wuya, ko tura haɓa zuwa ƙirji, an fita daga abin da aka ce za a yi, ka ce a dakata.

Ƙananan abubuwa ne ke ɓata zaman. Hula da tabarau a cire, bel da walat ma haka, tunda hannu zai shiga ƙarƙashin tsatso. Ga mata, ƙullin ɗankwali ko kitson da aka tattara a ƙeya yana zama daidai inda yatsu za su shiga, don haka a kwance shi kafin a hau gado. Siririn mayafi ba ya hana komai. Wadda ba ta son namiji ya taɓa ta ta faɗa tun wajen kama lokaci, haka namiji. Mai ciwon baya ya nemi matashi a ƙarƙashin gwiwa, in ba haka ba kafin minti ashirin bayan zai fara tsami, hutun ya gagara. Mai tsohon ciki ta kwanta ta gefe, domin kwanciyar rigingine mai tsawo tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Jiki na yin sanyi in ya daɗe bai motsa ba, musamman a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, sai a nemi bargo. In an gama kada a miƙe zumbur. A juya gefe, a zauna minti ɗaya ko biyu, a bar jirin ya wuce.

Yanzu ga bayanin. Masu aikin suna cewa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka yana da bugunsa na daban, sau 6 zuwa 12 a minti, wanda ba na zuciya ba ne kuma ba na numfashi ba, suna jin sa da hannu, suna kuma gyara shi ta hanyar motsa ƙasusuwan kai. Ruwan kam gaskiya ne: kusan mililita 150 ne a jikin babba, jiki na samar da kusan 500 a rana yana kuma shanye shi. Ƙasusuwan kai 22 ma gaskiya ne. Sai dai a jikin babba mahaɗarsu ta kulle, haƙora sun shiga haƙora, kuma mahaɗar gindin ƙoƙon kai da Sutherland ya ɗora ra'ayinsa a kanta tana zama ƙashi guda tun lokacin balaga. A 2006 an gwada irin ɗan ƙarfin da masu aikin ke sawa a kan zomaye a Amurka, ba a ga mahaɗar ƙasusuwan kansu ta buɗe ba, matsin ruwan cikin kai ma bai canza ba.

Maganar bugun ta fi wannan rauni. A 1994 an sa masu gashin ƙashi uku da suka koyi aikin su ƙirga bugun a jikin mutane 12, lissafinsu bai zo ɗaya ba ko kusa. A 1998 aka tsayar da mutum biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, suka ƙirga a lokaci guda a jikin mutum guda, kowa ya fito da nasa. Abin da masu aunawa biyu ba za su yarda a kansa ba, ba a gina gano cuta a kansa. Ofishin tantance hanyoyin jinya na lardin Biritish Kolombiya a Kanada ya duba binciken da ake da shi a 1999 ya ce hujjar ba ta isa ba.

A yi wa hidimar adalci, akwai gwajin da ya yi mata kyau. A Jami'ar Duisburg-Essen ta Jamus an raba mutane 54 masu daɗaɗɗen ciwon wuya gida biyu na mako takwas, rabi aka yi musu ainihin aikin, rabi taɓawar bogi, sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna na farkon sun fi samun sauƙi. Amma mutanen kaɗan ne, kuma mai taɓawa ya san wanda yake yi wa na gaske. Da wasu masu bincike a Sifaniya suka sake tattara gwaje-gwajen a 2024, sun ce ba su ga amfanin da za a dogara da shi ba a ciwon jiki ko a cututtukan yara. Sauƙin da mutane ke ji ba ƙarya ba ne. Awa guda a ɗaki shiru, waya a kashe, hannu mai ɗumi a ƙeya, wani yana lura da kai shi kaɗai, wannan ya isa ya sassauta tsoka ya rage bugun zuciya ba sai wani ƙashi ya motsa ba.

Su kansu masu koyar da aikin sun hana yin sa ga wanda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ko mai kumburin jijiyar jini a kai, ko wanda ƙoƙon kansa ya fashe kwanan nan, ko wanda bai daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki ba. Wanda aka ɗebi ruwan bayansa da allura ya jira izinin likita. Wani rahoto na 1995 a kan mutane 55 masu raunin ƙwaƙwalwa ya nuna uku daga cikinsu jikinsu ya ƙara rikicewa bayan aikin. Babban haɗarin dai shi ne jinkiri. Ciwon kai mai zuwa da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin zafi a arewacin Najeriya da Nijar, sanƙarau ake zargi har sai asibiti ya ce ba shi ba ne. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko wanda ya zo da amai, gani biyu, karkacewar baki ko mutuwar hannu, na sashen gaggawa ne.

Jarirai su ne inda talla ta fi zafi, ana alkawarin maganin kukan ciwon ciki, rashin barci da wahalar kama nono. Kansu bai haɗe ba, maɗigar gaba ba ta rufewa sai wajen wata 12 zuwa 18, wuyansu bai yi ƙwari ba. A 2009 wata mujallar likitoci a Holan ta ba da rahoton mutuwar jaririya 'yar wata uku bayan wani mai wannan aikin ya lanƙwashe mata wuya da baya da ƙarfi har numfashinta ya tsaya. Maɗigar da ta faɗa alamar ƙarewar ruwan jiki ce, wadda ta kumbura kuma alamar matsi ne a cikin kai. Ko wacce aka gani, asibiti za a nufa.

Wajen zaɓen mai aikin, takardar bango ba ta cewa komai sai an tambaya. Kwas ɗin farko na cibiyar Upledger kwana huɗu ne, na bayodainamik yakan ɗauki kusan shekara biyu, kuma dukkansu ba lasisin jinya ba ne. Abin tambaya shi ne sana'arsa ta asali: likitan gashin ƙashi ne, nas ce, ko mai tausa? Na kirki zai tambayi tarihin lafiyarka da magungunan da kake sha kafin ya taɓa ka, ya faɗi inda zai sa hannu. Wanda ya ce zai warkar da farfaɗiya, rashin haihuwa ko jinkirin maganar yaro, ko ya ce a ajiye maganin hawan jini, a bar masa ɗakinsa. Haka wanda ya juya zaman zuwa tonon tsofaffin baƙin ciki alhali bai karanci aikin ba da shawara ba. Gajiya ko ɗan nauyin kai na kwana ɗaya bayan zaman ba abin damuwa ba ne, amma in ciwo ya ƙaru ya wuce kwana biyu aka ce maka jiki ne ke fitar da cuta, ka je likita ya duba ka. Kada a biya kuɗin zama goma a dunƙule. A biya ɗaya ɗaya, in an yi uku ko huɗu barci bai gyaru ba, wuya bai saki ba, kuɗin na biyar ya fi amfani a wajen likitan gashin ƙashi mai koyar da motsa jiki.