Ɗakin damben da ke horar da 'yan ƙwallo a Sheffield: ra'ayin wata uwa

A gabashin Sheffield ta Ingila, can inda tsofaffin masana'antun ƙarfe suka koma rumbunan ajiye kaya da garejin gyaran mota, akwai wani ɗakin damben boksin a saman bene da ke ware daren Litinin da na Laraba domin 'yan ƙwallo. Ba zan kama sunansa ba, don ba duk abin da zan faɗa ne yabo ba, kuma har yanzu ɗana yana zuwa. Iyaye da dama a cikin 'yan uwanmu mazauna garin nan sun tambaye ni ko wurin ya ci kuɗinsa, musamman waɗanda aka sallamo 'ya'yansu daga akadami, wato makarantar horar da yara ta ƙungiyar ƙwallo, suna shekara 16 kamar nawa. Ya ci kuɗinsa, amma albarkacin mutum ɗaya, ba albarkacin ginin ba.

Mutumin shi ne kocin. Ya haura hamsin, gajere ne idan aka auna shi da 'yan wasan baya na ƙwallo, hancinsa a karkace. Da dambe ya fara tun yana firamare, ya yi ta shiga gasannin matasa har ya kusa ashirin, sai ƙashin bayan hannunsa na dama ya karye, ya warke, ya sake karyewa a wuri ɗaya. Likita ya ce ya haƙura. Ƙwallo kuwa da ma ranar Lahadi yake taɓawa don nishaɗi, a nan wani mai farautar 'yan wasa ya gan shi. Ya samu kwantiragi a rukuni na huɗu, wanda a zamanin ake kira Third Division kafin a sauya masa suna zuwa League Two a 2004. Da kwantiragin ya ƙare ba a sabunta ba, sai ya gangara Conference, wato National League ta yanzu, daga nan ya ƙara gangarawa Northern Premier League. Shekarunsa na ƙwallo mafi yawa a can ƙasa ya yi su: da rana yana aikin filasta a gidajen mutane, Talata da Alhamis da dare atisaye, Asabar ƙarfe uku wasa. Shi ya sa ya zaɓi Litinin da Laraba. Ya san darare biyun nan ne kaɗai yaron da ke buga ƙaramin rukuni yake da su.

Ga wanda bai san tsarin Ingila ba, ƙungiyoyi 92 ne a rukunai huɗu na sama, daga Firimiya zuwa League Two. Ƙasa da su akwai National League, daga nan kuma matakai ne bila adadin, inda akasarin 'yan wasa ke da wata sana'ar da suke ci da ita. Ɗana yana mataki na tara. Yaro ne ɗan shekara 17 da ake haɗa shi da magidanta masu gemu, waɗanda ba gudu suka fi shi ba, amma sun fi shi sanin inda ake soka gwiwar hannu alƙalin wasa bai gani ba.

Zaman awa ɗaya ne da kwata, kuma ƙararrawa ce ke mulkinsa: minti uku aiki, minti ɗaya hutu, kamar turmin dambe. Da tsallen igiya ake farawa. Sannan a koma kan layukan da aka zana da fenti a ƙasa, dabarar da kocin bai ɓoye cewa a unguwar Wincobank ta Sheffield ya gan ta ba, a ɗakin marigayi Brendan Ingle, ɗan Dublin ɗin nan da ya raini Naseem Hamed da Johnny Nelson da Kell Brook, ya rasu a 2018. Yaro zai bi layi gaba, ya bi shi baya, ya juya ƙugu, ya sauya ƙafar da ke gaba, duk ba tare da ya kai naushi ko ɗaya ba. Na zauna a bencin iyaye na ga ya tsayar da ɗana a tsakiyar layi, ya durƙusa, ya dafa idon sawunsa da hannu, ya ce: "Ka harɗe ƙafa. Ɗan damben da ya harɗe ƙafa yana ƙasa. Ɗan bayan da ya harɗe ƙafa an wuce shi." Ya sa ya maimaita takun har ƙararrawa ta buga. A ranar ko safar hannu yaron bai saka ba, ya shigo mota yana ƙunƙuni: "Umma, ni fa dambe na zo koya, ba rawa ba."

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda suke yi a ƙarshe. Ana saka yara biyu a kusurwar fagen dambe da ƙwallo ɗaya. Ɗaya ya kare ta da jikinsa, ɗaya ya ture shi da kafaɗa da ƙirji yana neman ƙwacewa, igiyoyin fagen sun hana kowa gudu. Minti uku cur. Kocin yana tsaye a kansu, ba ya cewa komai sai "numfashi, numfashi". Wanda ya fusata ya kai hannu, waje zai fita ya yi tsallen igiya shi kaɗai har turmin ya ƙare. A ganinsa, yaron da ya tashi a akadami a kan ciyawa mai laushi yana ɗaukar kowace tura a matsayin raini, sai ya rama, sai jan kati. Wanda kuwa ya saba a buge shi ya ci gaba da tunani, tura ba ta ɗaga masa hankali. A kakar bara an kori ɗana daga fili saboda ramuwa. A bana na ga wani ƙaton ɗan gaba ya taka masa ƙafa da gangan ana jiran bugun kusurwa, ya dube shi kawai ya gyara tsayuwa. Abbansu da ke gefena ya ce, "To, kuɗinmu ya fara fita."

Ni ma'aikaciyar jinya ce, don haka maganar dukan kai ita na fara yi masa kafin na biya ko sisi. Binciken da Jami'ar Glasgow ta fitar a 2019 ya nuna tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Jeff Astle na West Bromwich Albion ya rasu a 2002, mai binciken musabbabin mutuwa kuma ya danganta abin da yawan buga ƙwallo da ka. Ɗan baya da ma kansa yana shan wuya kowace Asabar, ban ga dalilin ƙara masa naushi ba. Kocin bai yi mini gardama ba. Dokarsa ita ce ajin 'yan ƙwallo ba a dukan kai, buhu da faifan hannun koci kaɗai ake naushi. Duk wanda yake son gwabzawa ta gaske sai ya yi rajista da England Boxing, hukumar da ke kula da damben da ba na kuɗi ba a Ingila, likita ya duba shi, ya koma ajin 'yan dambe na wasu ranakun. Na kuma ga ya mayar da wani yaro gida saboda ya ji an ce ya yi karo da ka a wasan Asabar, duk da uban yana ta rantsuwar lafiyarsa ƙalau.

Sai maganar buri, wadda a garin nan sunanta Jamie Vardy. Kowane yaron da aka sallama ya haddace labarin: Sheffield Wednesday ta sallame shi yana 16, ya koma Stocksbridge Park Steels ana ba shi fam 30 a mako yana aikin masana'anta, ya wuce Halifax, ya wuce Fleetwood, Leicester ta saye shi fam miliyan 1 a 2012, ya ɗaga kofin Firimiya a 2016. Masu kafa makarantun ƙwallo na kuɗi da wannan labarin suke tatsar iyaye. Wannan kocin kuwa, idan yaro ya kawo masa zancen Vardy, tambayarsa yake wace sana'a yake koya a kwaleji. Ya fi son ba su labarin Curtis Woodhouse, wanda ya bi hanyar a juye: ya buga wa Sheffield United, Birmingham ta saye shi fam miliyan 1 a 2001, ya gangara ƙananan rukunai, ya shiga damben kuɗi a 2006 mutane suna yi masa dariya, sai a 2014 ya doke Darren Hamilton a Hull ya zama zakaran Birtaniya. Shekara takwas ɗin da ke tsakani yake nanata musu, ba kambun ba. Wasu iyayen suna ganin yana kashe wa yara gwiwa. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ya yi filasta da safe ya buga wasa da yamma ya fi kowa cancantar gaya wa ɗana yadda rayuwar mataki na tara take.

Yanzu ga inda wurin ya gaza. Sanyi ne na farko. Daga Nuwamba zuwa Maris hita ɗaya ce a ɗakin, ita ma kusa da teburin koci, iyaye da rigunan sanyinsu suke zama har a tashi. Banɗaki ɗaya ne tal, babu wurin sauya kaya na 'yan mata, alhali akwai 'yan mata masu ƙwallo da ke zuwa. A mota suke shiryowa. Safar hannun aro da ke cikin kwandon bakin ƙofa kuwa, warinta kaɗai ya isa ya sa ka sayi taka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne rashin tsari. Idan 'yan dambensa suna da gasa a wani gari, kocin yakan bi su, ya bar ajin a hannun wani matashi mataimakinsa, ba tare da an sanar da kowa ba. Matashin ba mugu ba ne, amma a wurinsa horo shi ne ihu da gajiyarwa. Layukan nan na ƙasa ko kallonsu ba ya yi, sai buhu da tsalle har yara su galabaita, washegari kuma suna da atisayen ƙungiya. Kuɗi ɗaya ake biya, aikin ba ɗaya ba. Na yi wa kocin ƙorafi, ya ce zai riƙa turo saƙo. Wani lokaci ya turo, wani lokaci sai ka hau benen ka tarar. Wayarsa ma sai an ci sa'a yake ɗagawa.

Kada kuma wani ya zo da zaton za a koya wa ɗansa ba da ƙwallo ko bugun raga. Babu ciyawa, babu raga, ƙwallon ma a turmin ƙarshe kaɗai take fitowa. Ƙari ne a kan atisayen ƙungiya, ba madadinsa ba. Ɗan baya da ɗan tsakiya mai tare hanya su suka fi amfana. Mai tsaron raga zai samu saurin ƙafa. Ɗan gefe mai gudu wanda ba ya son a taɓa shi zai sha wuya a makonnin farko, kuma shi ya fi bukata.

Fam 6 ne kowane zama, ko fam 40 a wata, kuma tsabar kuɗi kawai suke karɓa. A sayi bandejin naɗe hannu da safar hannu mai oza 12 ko 14 tun kafin a je, da takalmi mai shafaffen ƙasa, ba na fili ba. Uwa ko uba su nemi ganin takardar DBS, wato ta binciken tarihin laifuka, ta duk wanda zai tsaya a kan yaro. Ni da na tambaya, daga aljihun tebur ya ciro ta ba tare da ɓata fuska ba. Gasannin dambe sun fi faɗawa ƙarshen mako, Litinin kuma sau da yawa yana hutun gajiyar tafiya, don haka wanda zai gwada ya fara da Laraba.